Kason Ruwa a Jakar Ikko

Ruwan da aka auna a Makka, aka biya masa kuɗin jirgi, aka buɗe jaka a Kano ba a same shi ba, kayan wane ne? Na wanda ya aika, ko na wanda ya karɓa? Na yi wa maigidana wannan tambaya ina amarya, ya yi dariya. Na sake yi masa da furfura a kaina, ya sake dariya. Bana ya rasu, Allah ya jiƙansa, ya bar ni da tambayar. Idan muryata ta sarƙe a tsakiyar magana, kuka ne, kuma ba zan ɓoye shi ba.

Jikata Ruƙayya ce ke rubuta wannan a jawwal ɗinta, wato wayar hannu, don ni karatuna bai wuce na salla ba. Ita ta jawo maganar. Ta ga tsohon mizaninmu a rataye a bango ta tambaye ni aikin kakanta, na ce aika saƙo. Sai ta kira ni kaka da Larabci ta ce, "Ya sitti, aika saƙo ai ba sana'a ba ce, danna yatsa ne." Na ce to zauna, ki danna yatsar, in gaya miki. Sunan maigidan nawa ba zai fito daga bakina ba, ban faɗa yana da rai ba. Mutanen unguwarmu ta Mansur, Mai-Jaka suke ce masa, ni kuwa Malam.

Shi Bakano ne, ni Badamagariya. Mahaifina ya taho da ni Makka ta ƙasa ina ƙarama, mahaifiyata ta zauna a Damagaram da ƙannena, ban sake ganin fuskarta ba. An kai ni gidan Malam a ƙarshen mulkin Turawa, lokacin Ingilishi na riƙe da Kano, Faransa na riƙe da Damagaram. Duk abin da ya haɗa ni da uwata a duniya buhu ɗaya ne na algarara, wanda ke barin ƙofar gidanmu ya nufi Jidda.

Malam ya koyi aikin a hannun wani tsoho da ake kira Baba Masinja, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana ɗaukar jakunkuna a gidan waya na Ikko kafin ya zo hajji ya zauna. Ni ma na riske shi, idonsa ya fara hazo. Shi ya ba mu labarin da har yau ban manta da shi ba. Ya ce jirgin ruwa ɗaya ne mai hayaƙi ke kwasar wasiƙun ƙasashen gaɓar teku ya kai ƙasar Turawa, ya komo da wasu. Mai jirgi kuɗinsa ɗaya ne a shekara, ko a cika masa ciki ko a bar shi wayam. To gwamnan Ikko na da wasiƙu a ciki, gwamnan Ankara ta Gana na da su, na Saliyo na da su. Wa zai biya nawa? Ba mai iya ƙirga takardun shekara guda. Sai suka yi shawara, suka ware wani lokaci na awo. A lokacin nan kowace jaka sai ta hau sikeli kafin ta hau jirgi. Wanda jakarsa ta fi nauyi, kasonsa ya fi yawa. Abin da sikeli ya faɗa kuwa ya zauna, ba a sake tayar da maganar sai wani awon ya zo.

Na ce, "Baba, gwamnoni da sojojinsu da bindigoginsu, sikeli suke bi?"

Ya ce, "'Yar nan, na gan su da idona. Bature da hular kwano yana tsaye yana jiran allurar sikeli ta daina rawa, kamar mai jiran liman ya yi sallama."

Wannan ƙa'ida ita suka ɗauko suka kawo unguwarmu. Wakilin jirgi a Jidda yana karɓar kuɗi ɗaya na wurin jaka ɗaya a kowace tafiya. Kanawa su kaɗai za su iya biya da ƙyar, don akwai 'yan kasuwa a cikinsu. Damagarawa kuwa ba su da yawa, masu ga-ruwa ne da masu wanki da masu dako, su kaɗai ba za su iya ba ko sun sayar da tabarminsu. Sai aka haɗa jaka. Tana hawa jirgi a Jidda, ta sauya wani jirgin a wata tasha da bakina bai iya sunanta ba, ta sauka Ikko, ta hau jirgin ƙasa zuwa Kano. Can wani aminin Malam zai buɗe, ya raba na Kano, ya ɗora na Damagaram a mota. Sau ɗaya a shekara ake jakar awo. Yadda nauyi ya kasu ranar, haka kowane ɓangare zai riƙa tara kasonsa har shekara ta zagayo.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Ga mizanin can mai faranti biyu, da duwatsun awo na tagulla, babbansu kamar ƙwan kaza, ƙaraminsu kamar ƙwayar gujiya. Akwai basilla, da igiyar rama, da jan kaki na like bakin jaka. Malam ke rubuta wa mutane wasiƙa da alƙalamin kara da tawadar gida, ta gawayi da ƙaro. Ni ke ɗaure ƙunshi, na Kano da jan zare, na Damagaram da shuɗi. Ni ke ɗinke bakin buhu. Ɗinkin nan shi na fara koya, kuma shi ya fi ba ni wuya. Idan kin ja igiya da yawa, buhu ya yage a hannun 'yan dako. Idan kin sassauta, ɓeran jirgi ya sami ƙofa. Baba Masinja yakan bi ɗinkina da yatsa, tunda ba ya gani sosai, in ya sami inda farce ya shiga ya ce, "Warware, amarya. Teku ba ta san ke sabuwa ce ba."

Wata tsohuwa mai sayar da ƙosai takan zo ta zauna ta ce a rubuta wa ɗanta a gaishe shi. Malam ya ɗaga alƙalami, sai ta fara da maƙwabta, da matan maƙwabta, da akuyar da ta bari, da bishiyar da ke bayan ɗaki. Malam ya ce, "Inna, takarda na da nauyi." Ta ce, "Ƙanƙanta rubutun mana, ɗan nan, ai akuyar ba babba ba ce." Wani ya zo da dabino guda bakwai ya rantse wasiƙa ce. Wani ya kawo tasbaha a cikin ambulan yana tari don kada a ji ƙararta. Aikin ba ɗaure takarda kaɗai ba ne. Sai kin san wanda za ki ce wa a'a, da wanda za ki kau da kai ki bar nasa ya wuce.

Abin da ya fi kowane saƙo daraja shi ne likkafani. Mutum zai yi shekara yana tari ya sayi farin alawayyo, a jiƙa shi da zamzam, a shanya, ya aika wa tsohonsa ko tsohuwarsa a gida. Kuma mu mata ba ma matse shi. Wa zai murɗe zamzam ya zubar a ƙasa, inda ƙafa ke takawa? Sai dai a tsoma, a ɗaga a hankali, a shimfiɗa a kan tabarma mai tsabta, rana ta yi aikinta. A zafin Makka kafin ki gama tuwo ya bushe ƙarau.

Shekarar da nake son ba ku labari, wata cuta ta shiga ƙasar Damagaram, tsofaffi suka yi ta tafiya. Labari ya iso mu, kowa hankalinsa ya koma gida. Wanda bai taɓa tunanin likkafani ba ya ci bashi ya saya. Ni ma na sayar da 'yan kunnena na sayi na uwata. Sai abu biyu suka haɗu. Wakilin jirgi ya aiko cewa jirgi zai tashi kafin lokacin da ya faɗa. Sannan hadari ya rufe garin, ruwa ya sauko irin wanda ke gangarowa daga duwatsu ya cika lunguna, rana ta ɓuya kwanaki. Muka jiƙa likkafanai, muka shimfiɗa a cikin ɗakuna, suka sha iska sama-sama. Kowace mace ta naɗe nata, ta ɗinke a cikin tsumma, ta kawo. A hannu sanyi kawai ake ji, kuma a makon nan komai na garin sanyi ne da shi. Jakar nan kuwa ita ce jakar awo.

Shaidu suka zauna a ƙofar gidanmu bayan la'asar, ni ina daga bayan labule ina miƙo ƙunshi. Shugaban Kanawa shi ne Alhaji Garba mai turare, mutum mai jiki da murya. Na Damagarawa Baba Ilu ne, mai ga-ruwa, siriri, kafaɗarsa ta yi kanta saboda sandar garwa. Kun san Kanawa da Damagarawa, ba sa haɗuwa ba tsiya. Malam ya ɗora jan zare ya auna. Ya ɗora shuɗi, farantin ya faɗi ƙasa har da ƙara. Ya ƙara dutse, ya ƙara, ya ƙare duwatsunsa, sai da aka raba ƙunshin kashi-kashi.

Alhaji Garba ya yi dariya har rawaninsa ya karkace. Ya ce, "Ilu, ashe ku ne attajiran Makka kuna ɓoyewa! Bana mun huta."

Baba Ilu bai rama ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya dubi mizani kawai ya ce, "Abin da ya faɗa ya zauna." Damagarawa suka tashi da kaso mafi girma a kansu, su da ba su da ko na ƙarami.

Suka yi ta fama. Wata jaka ta tafi, suka haɗa da ƙyar. Wata ta zo, Baba Ilu ya kawo kuɗi a ƙulle a gefen riga, bai cika ba. Ana cikin haka amsa ta iso daga aminin Malam na Kano. Ya ce da ya buɗe jakar awo, likkafanai sun bushe, amma wasiƙun Kanawa da ke kwance a jikinsu duk sun wanke. Tawadar gida ce, dama an yi ta ne ta bi ruwa. Sai adireshin da Malam ya yi da fensir a bayan ambulan ya tsira. An kai wa mutane farar takarda mai inuwar baƙi.

Unguwa ta ɗauki zafi. Wani saƙon aure ya aika, wani na rabon gado, wani na bashi. Wasa ya ƙare tsakanin ɓangarorin biyu. Alhaji Garba ya aiko cewa Kanawa za su ware jakarsu, Damagarawa su nemi tasu. Ni na san ma'anar wannan. In an raba jaka, ba sauran shuɗin zare da zai hau teku. Ko uwata ta rasu ba zan ji ba, sai in wani alhaji ya tuna ya faɗa mini bayan shekara.

Ana gobe za a yi zaman rabuwa na je gidan Alhaji karɓar turaren wuta, na tarar da matarsa Hajiya Binta tana dariya ita kaɗai. Ta ce amsar yayar Alhaji ta zo, Yaya Abu, wadda ta goya shi, wadda yake tsoro fiye da ɗan sanda. Ta gaya mini abin da ke ciki, ta ce kada in faɗa wa kowa. Na ce to. Na dawo na faɗa wa Malam, don a wurina shi ba kowa ba ne.

Washegari aka cika ƙofar gida. Malam bai yi wa'azi ba, bai roƙi kowa ba. Ya fito da mizani, da ƙyallen alawayyo busasshe, da kwanon zamzam. Ya auna ƙyallen, ya ajiye dutsensa gefe. Ya tsoma shi a kwano, ya ɗaga, ya bar shi ya tsane a cikin kwanon, ya sake aunawa. Sai da ya ƙara duwatsu kafin faranti biyu su daidaita. Ya kwashe waɗanda ya ƙara, ya tara su a tsakiyar tabarma.

Ya ce, "Jama'a, ban tayar da awo ba, abin da mizani ya faɗa ya zauna. Amma kaya uku ya auna ranar nan, mu muka ce biyu ne. Ga na Kano. Ga yadin Damagaram. Ga wannan. Na wa ne?"

Wani matashin ɗan kasuwa ya ce, "Na wanda ya jiƙa mana takardu ya ɓata su."

Baba Ilu ya juyo ya ce, "Maimaita, ɗana. Me ya ɓata takardun? Faɗi sunansa da bakinka." Ba wanda zai zauna a garin nan ya ce zamzam ya ɓata abu.

Alhaji Garba ya ce, "Mai-Jaka, kada ka zagaya da mu. Ƙa'idar gwamnoni muke bi, mai aikawa ke biya. Su suka aika."

Malam ya ce, "Gaskiya ne, Alhaji, a ƙunshinsu ya hau jirgi. Amma a Damagaram ba a sauke ko ɗigo ba. A takardun wa ya sauka?" Sannan ya ce, "Ina labarin Yaya Abu? Ta sami saƙo?"

Alhaji ya dubi labulen da nake bayansa, na ja da baya. Ya goge fuska da gefen rawani. Can ya ce, "Mata ba su da ciki." Sannan ya faɗa da kansa. Yayarsa ta karɓi farar takarda, ta tambayi dalili, aka gaya mata ruwan da ya wanke ta. Sai ta jiƙa takardar a ƙoƙo, ta sha, ta shafa wa jikokinta, ta raba wa maƙwabta. Ta aiko a gaya masa, tunda ya tafi Makka bai taɓa aiko mata wasiƙa mai amfani ba sai wannan, kuma nan gaba ya rage surutu ya ƙara ruwa.

Dariyar da aka yi ranar nan, har masu wucewa suka tsaya. Sai wani ya ce shi ma tsohuwarsa ta ɗinke tata a cikin matashi. Wani ya ce tasa an rataye a ɗaki. Baba Ilu ya miƙe, muryarsa ta dawo, ya ce, "To kun ji. Mu muka ɗebo, mu muka yi dako, Kanawa suka shanye. Dama haka kuke tun kakanni. Mai-Jaka, bar mana kason ruwan, ko bara za mu yi mu biya. Ladan kai zamzam Kano ba ma raba shi da kowa."

Alhaji Garba ya sa tafin hannunsa ya rufe duwatsun nan na tsakiya. Ya ce, "Wallahi ba ku isa ba. Ku sha lada a kan yayata? Da wane aljihun? Halas, ruwa namu ne."

Haka aka tashi. Kanawa suka ɗauki nasu da na ruwa, Damagarawa suka ɗauki na yadi, jaka ta zauna ɗaya. Malam ya sake rubuta wa kowa wasiƙarsa bai karɓi ko sisi ba. Aka kafa doka, likkafani ba ya shiga jaka sai na warware shi na kara a kumatuna, don hannu na ruɗi, kumatu ba ya ruɗi. Aikin da na riƙe ke nan har jirgin sama ya karɓe wasiƙu, kaset ya zo, waya ta zo, mizani ya koma bango.

Amsar uwata ta iso a jakar da ba a raba ba. Ta ce likkafani ya zo, amma da wata inuwar baƙi a gefe ɗaya, kamar hayaƙi ya taɓa shi. Tawadar Kanawa ce. Ƙannena suka ce a wanke, ta hana. Ta ce gaisuwar mutane ce da addu'arsu, ko ba ita aka yi wa ba, ta karɓa. A cikinsa aka sa ta bayan shekara biyu, kuma a jakar nan labarin ya zo mini. Ruƙayya, dakata kaɗan. To, ci gaba.

Ku da kuke danna yatsa, ban ce ku koma buhu ba. Amma ku sani akwai lokacin da kalma ke da nauyi, ana ɗora ta a faranti, gwamnoni su tsaya jiran allura saboda ita, talakawa su yi faɗa su shirya saboda ita. Ni dai har yau in na tuna tsohuwa mai ƙosai ta gaida akuyarta daga Makka, gaisuwar ta ratsa teku biyu ta isa, sai in ce tsarki ya tabbata ga Allah. Amma ruwan nan ban san mai shi ba. Alhaji ya biya, Baba Ilu ya ɗebo, Yaya Abu ta sha, uwata ta kwanta a inda ya bari. Malam ya raba kuɗin, bai taɓa ce mini ya raba ruwan ba.

Namu likkafanan mun jiƙa su tun da ƙarfinmu, suna cikin akwati ɗaya. Da ciwonsa ya yi nauyi, wata safiya bayan an dawo da shi daga asibiti, ya yi mini alama in buɗe akwatin. Na ɗauko nasa na kawo bakin gado. Bayan maganar da zan gaya muku yanzu bai sake magana da wani mahaluki ba, sai kalmar shahada da yake ta maimaitawa har azahar. Ya dubi yadin, ya dube ni, da 'yar dariyar nan tasa a gefen baki. Ya ce:

"'Yar Damagaram, kara a kumatunki ki ji. In da saura, ki shanya. Kada a ƙara wa masu ɗaukata nauyi."